Motar Lantarki

Motar lantarki mota ce da ke tafiya da wutar da aka tara a cikin batir maimakon ƙona fetur ko dizal. Akwai wadda batir kaɗai take amfani da shi, akwai kuma mai ruwa biyu, wadda ta haɗa injin fetur da na lantarki, kamar Toyota Prius da ta fara fitowa a Japan a 1997.

Tarihi

Mutane da yawa suna ɗauka sabuwar ƙirƙira ce, alhali sa'ar motar fetur ce. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya ta lantarki ce, wadda Camille Jenatzy ɗan ƙasar Beljiyam ya tuƙa a 1899. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka na lantarki ne. Masu hali sun fi son ta don ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, kuma ba sai an tsaya a gabanta ana murɗa ƙarfe kafin ta tashi ba, aikin da kan karya wa mutum hannu idan injin ya yi baya.

Abin da ya kayar da ita kuɗi ne da nisan tafiya. An samu mai da yawa a Texas a 1901, Henry Ford ya fito da Model T mai rahusa a 1908, sannan a 1912 motar Cadillac ta zo da sitata, aka huta da murɗa ƙarfe. Batirin darma na wancan lokacin ga nauyi ga saurin ƙarewa. Daga nan motar lantarki ta shafe shekaru da dama ba a jin ɗuriyarta. Kamfanin General Motors ya gwada da motocin lantarki masu suna EV1 a 1996, daga baya ya karɓe yawancinsu ya murƙushe.

Batirin litiyam ne ya dawo da ita, irin wanda ke cikin wayar salula, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Da shi aka yi Tesla Roadster a 2008 da Nissan Leaf a 2010. Daga 2010 zuwa 2023 farashin wannan batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, kuma a nan ne asirin sauyin yake, domin batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar.

Yadda take aiki

Idan makanike ya buɗe gabanta, zai rasa yawancin abin da ya saba taɓawa: babu filogi, babu kafireto, babu salansa, babu juyen baƙin mai. Batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin motar, yawancin motocin kuma giya ɗaya gare su. Injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan ƙarfin man a matsayin zafi, abin da ke kaiwa ga tayoyi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na lantarki kuwa yana kai sama da kashi uku cikin huɗu. Idan direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin yakan koma kamar janareta ya mayar da wuta cikin batir.

Caji ne rauninta. A gida takan kwana a jone, a tashar caji mai sauri kuwa kusan rabin awa kan isa a kai kashi 80. Tsananin sanyi yana rage mata nisan tafiya, tsananin zafi yana tsufar da batir da wuri.

Inda sauyin ya kai

A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, idan aka haɗa da masu ruwa biyu da ake yi wa caji. Sama da miliyan 11 a ƙasar Sin aka sayar da su. Kamfanin BYD na can ya daina ƙera motar fetur zalla tun 2022, birnin Shenzhen kuma ya mayar da bas-bas ɗinsa kimanin 16,000 na lantarki tun ƙarshen 2017. A Norway, kusan tara cikin sababbin motoci goma da aka saya a 2024 masu batir zalla ne, saboda sassaucin haraji. Abin mamaki, Norway da arzikin mai ta yi ƙarfi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da ta sa 2035 a matsayin wa'adin daina sayar da sababbin motoci masu hayaƙi, kodayake masu masana'antu sun yi ta matsa lamba a sassauta.

A Afirka, Habasha ce ta yi gaba: a 2024 ta hana shigo da motocin fetur da dizal na hawan kai, don tana da wutar madatsun ruwa mai araha amma tana kashe kuɗin waje masu yawa wajen sayo mai. A Najeriya maganar ta ƙara ƙarfi bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. An kafa tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, gwamnatin Borno kuma ta sa motocin haya na lantarki a Maiduguri. Sai dai inda wutar gida ba ta tsayawa, wanda ya yi caji da janareta fetur ɗin dai ya ƙona.

Muhawara

Tsaftar motar ta dogara da tushen wutar. Wadda aka yi wa caji da wutar kwal ribarta ga muhalli ba ta kai ta wadda ta sha wutar ruwa ko ta rana ba. Akwai kuma batun ma'adinai: kusan kashi 70 na kobal na duniya, ma'adinin da ake sawa a batir, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda ake kokawa kan sa yara aiki a ramukan haƙa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kamfanoni ke komawa ga batirin LFP, wani nau'in batirin litiyam da ba ya buƙatar kobal. Litiyam kuwa Ostareliya da Chile suna cikin manyan masu haƙo shi, Sin ce ke tace mafi yawansa, kuma ana haƙarsa a jihohin Nasarawa da Kaduna.