Wutar da ke lasar gefen tukunya, kuɗinku ne ke ƙonewa

Aikina yana kai ni gida-gida cikin unguwannin Tawa, duba yara da masu ciki. Makon jiya na tarar da wata uwa tana tuƙa tuwo a ɗakin girki marar taga, da goyo a baya. Duwatsu uku ne, ta cusa itace huɗu, harshen wuta na fita ta kowane gefe. Rufin ɗakin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Yaron da aka ce in duba saboda tari, shi ne goye a bayanta, idonsa na ta hawaye. Na ce mata, "Yaya, wannan baƙin da kike gani a sama, irinsa ne ke shiga ƙirjin ɗanki."

Idan ana maganar tsimin makamashi, hankalin masu gida fakitir ɗin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, yake tafiya. Da gaskiyarsu. Tsohon ampul mai wat 60, in yana kunne awa 6 kullum, a wata zai sha kusan kilowat-awa 11. Na LED mai wat 9 bai kai 2 ba, haske kuwa kusan ɗaya. A canja shi, a kashe fanka in ba kowa a ɗaki, a bar buɗe firigo ba dalili. Tun da aka yanke mana kuran daga Najeriya a watan Agustan 2023, ba wanda bai san darajarsa ba.

Amma babbar asarar gidajenmu a murhu take. Murhun duwatsu uku, abin da ke isa tukunya daga zafinsa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran iska ke kwashewa. Wato uwar gida ta sayi itacen dala ɗari, mafi yawansa tsakar gida ta ɗumama da shi. Hayaƙin kuma kashi biyu yake yi: wani ya hau sama ya ƙara wa iskar kabon da ke ɗumama duniya, wani ya tsaya a huhun mai girki da na goyonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma ƙananan yara na da yawa a ciki. Ni da nake ƙirga numfashin jarirai, wannan lissafi ba ya barina in yi shiru.

Itacen nan ma ba daga sama yake faɗowa ba. Iyayenmu sun sha rana a Keita tun 1984 suna dasa itatuwa, haka ma a kwarin Majiya. Abin da suka raya da guminsu ne muke turawa ƙarƙashin tukunya.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya. Murhun Mai Sauƙi na ƙarfe maƙeranmu na ƙera shi. Wadda ba ta da kuɗinsa, ta kwaɓa laka da ƙaiƙayi ta kewaye duwatsunta daidai girman tukunya, ta bar ƙofa ɗaya ta itace. Itace biyu busassu sun isa; ɗanye hayaƙi kawai yake yi. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun da dare. In an sauke, a zare sauran itacen a kashe shi da yashi, gobe zai yi aiki.

Masu gida, wanda Allah ya hore wa, ya sayi butel ɗin gaz mai kilo 6, ko don shayi da ɗumame. Matatar man fetur ta SORAZ a Damagaram na samar da gaz ɗin nan gida. Iyaye mata kuwa, roƙona gare ku: ku yi girki inda iska ke wucewa, ku sauke goyo ku ba yayarsa kafin ku durƙusa hura wuta. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, a kawo shi likita ranar nan, kada a kwana da shi.