Amsa wayar ofis da karɓar saƙo: tambayoyi da amsoshi

Sabbin sakatarori da yaran shago a nan Gombe ba sa gajiya da yin waɗannan tambayoyi. A karanta da kyau, a riƙe.

Ƙara nawa zan bar waya ta yi?

Kada ta wuce uku. Biro da littafi su zauna kusa da wayar tun safe.

Me zan fara cewa?

Gaisuwa, sunan wurin, sannan sunanka. Buɗe baki da "Waye?" rashin tarbiyya ne.

Ai ina riƙewa a kaina, dole sai na rubuta?

Dole. Kafin azahar mutum goma sun kira, ka cakuɗa su. Rubuta cikakken suna, daga ina, lambarsa, abin da yake so, da ƙarfe nawa ya kira. "Alhaji ya kira" ba saƙo ba ne. Wane Alhaji? Na Kumo mai jiran siminti, ko na Bajoga mai bin kuɗi? Kuma "bayan la'asar" ba lokaci ba ne, a tsayar da shi ƙarfe huɗu da rabi ko biyar.

Lambar ba tana fitowa a fuskar waya ba?

Wataƙila wayar aro ce. Tambaye shi layin da za a same shi. Lambar Najeriya guda 11 ce, ƙirga su, ka maimaita masa huɗu, uku, huɗu. In sabis yana yankewa, biyu da biyar sukan rikice a kunne, haka dubu sittin da dubu saba'in. Maimaitawar ba ƙauyanci ba ce, kada ka ji kunya.

Oga yana ciki, ya ce kada a haɗa shi da kowa, mai kira kuma ya matsa. Yaya zan yi?

Wannan kam sai an duba. Ni ban yarda da "ba ya nan" ba: ƙarya ce, kuma mutumin yana iya kasancewa a bakin ƙofa yana kallon motar oga. Ce masa, "Ranka ya daɗe, ba zai samu damar magana yanzu ba, amma ba ni saƙon, zan kai masa da hannuna." Kada ka yi alkawarin zai kira nan da minti goma, bakinka ne zai zama na ƙarya. Sai dai akwai kiran da ba ya jira: rashin lafiya ko rasuwa daga gida, mota ta lalace da kaya a hanyar Bauchi, ko babban da ke sama da ogan. Irin wannan, rubuta a 'yar takarda, shiga a hankali ka ajiye gabansa, shi ya yanke. Wani ogan zai ji haushi duk da haka, shi ya sa ya fi kyau tun ranar farko ka tambaye shi su wa za a shigar masa ko yana taro. Lambarsa ta kansa kuwa, ko mai kira ya ce ƙaninsa ne, kada ka bayar sai da izini.

An ce daga banki ne, ana neman lambar sirrin da aka turo wayar ofis ta saƙo.

Kashe. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Sanar da oga nan take.

Yaushe zan miƙa saƙo?

Da zarar ya fito, na gaggawa a sama. Saƙon da ya gani, ka ja masa layi a littafin.