Mafakar Marubuta a Jami'o'i

Mafakar marubuta tsari ne da jami'a ke karɓar marubuci ko malamin da hukumomin ƙasarsa suka sa wa ƙahon zuƙa saboda alƙalaminsa, ta ba shi matsayin baƙon malami da albashi da masauki, galibi na shekara ɗaya da ake iya sabuntawa.

Tsarin ya kafu a Ingila a 1933, lokacin da masanin tattalin arziki William Beveridge ya jagoranci kafa ƙungiyar ceto malaman da gwamnatin Hitila ta kora, wadda a yau ake kira CARA. Ƙungiyar Scholars at Risk, mai kare malaman da ke cikin haɗari, ta faro a Jami'ar Shikago a 1999, sai asusun Scholar Rescue Fund a 2002, wanda ke ba da tallafin da ya kai dala 25,000 bisa sharaɗin jami'ar da za ta karɓi baƙon ta kawo nata kason.

Mai neman mafaka yakan aika tarihin karatunsa da samfurin rubutunsa da hujjar barazana, kamar sammaci ko takardar kora. Idan an tantance, sai a nema masa sashen da zai karɓe shi. A nan ake yawan cijewa. Wani an ƙwace masa fasfo, wani biza ta ƙi fita, mawaƙin da ba shi da digiri kuma ba ya shiga ma'aunin ɗaukar malamai komai ƙarfin waƙarsa. Wanda ke rubutu da Hausa ko Fulatanci yana da ƙarin rashi, domin masu karanta shi suna gida, iyalinsa ma sau da yawa suna can a hannun waɗanda ya guje wa.

Zariya ta ga fuska biyu na lamarin. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta tara malamai daga ƙasashe da dama, cikinsu har da marubucin Yuganda Okello Oculi da ya koyar da kimiyyar siyasa. Amma bayan kashe ɗaliban jami'ar a Samaru a watan Mayun 1986, gwamnatin soja ta juya kan malaman da aka ce suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Patrick Wilmot, malamin ilimin zamantakewa haifaffen Jamaika, suka tasa ƙeyarsa zuwa Landan, jami'ar kuwa ba ta da ikon tare masa faɗa.