Ma'anar "fuwel sel": na lantarki daban, na jirgi daban

Tun da maganar motoci masu lantarki da iskar haidurojin ta shigo gari, duk mai son a san ya waye sai ya jefa "fuwel sel" cikin zancensa, a rediyo, a dandalin siyasa, har a teburin mai shayi a Aboabo. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne wani mai sharhi a wata tasha nan Kumasi, da ya ji an ce ana gyara fuwel sel ɗin jirgin sama da gam, ya hau faɗa wai batirin jirgi ake liƙewa, ran ɗan Adam ya zama banza. Masu bugo waya suka yi ta taya shi. Alhali ko ƙanshin batir babu a maganar.

Abu biyu ne ke amsa suna ɗaya. Na farko na'ura ce mai haɗa haidurojin da oksijin ta ba da wutar lantarki, abin da ya saura ruwa. William Grove na Birtaniya ya gwada ta tun 1839, kumbon Apollo ma da irinta ya je duniyar wata. Ita 'yan siyasa ke nufi, a bar musu kayansu.

Duk rikicin daga "sel" ya taso. Asalinta Latin ne, ɗan ƙaramin ɗaki ke nan. Ita ce wadda ake kwana a cikinta a caji ofis. Ita ce kuma ke cikin "salula", don kamfanin waya yanka gari yake yi ɗaki-ɗaki, kowanne da eriyarsa. Ƙwayoyin jikin mutum ma sunan da Turawa suka laƙaba musu ke nan, tun da Robert Hooke ya leƙa ɓawon itace da madubin ƙara girma ya ga ƴan ramuka jere, ya bayyana su a 1665. To ɗakin da ake haɗa wuta sel ne, ɗakin da ake zuba mai ma sel ne. Abu na biyun ke nan: a bakin makanikin jirgi, fuwel sel jakar mai ce ta roba mai zaren nailan a ciki, ana naɗe ta a zura ta wata ƙaramar ƙofa cikin fiffike, a buɗe ta, a maƙale da maɓallai ko igiya. Tanki ne kawai. Tsofaffin ƙananan jirage irin Cessna 182 da Beechcraft Bonanza da helikwafta da yawa haka suke. Manyan jiragen fasinja kuwa fiffiken kansa ne tanki.

Jaka in ta huje ana yi mata faci, kuma ni ban ga abin kunya a nan ba. Wanda ya taɓa tsayawa kan mai faci a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, yana gyara tub zai gane tsarin: a goge, a kankare, a shafa gam, a jira ya sha iska, a manna, a danne. Sai dai a jirgi babu "ai haka muka saba". Za a tsiyaye man, a kori tururinsa kaf, don tartsatsi ɗaya ya isa. A wanke wurin da sinadari, a yanko facin ya zarce hujin ta kowane gefe. Gam ɗin shafi-shafi ake yi a jikin jaka da jikin faci, makaniki ya taɓa da bayan yatsa ya ji ko ya yi danƙo. Sannan a bi da ƴar na'urar murzawa daga tsakiya zuwa baki don kada iska ta maƙale, a matse tsakanin faranti biyu har ya nuna. Gam ɗin ma ba na kanti ba ne. Na robar naitirayil daban, na foliyuretan daban, in ka haɗa su mai zai ɓamɓare facin. Yana da ranar lalacewa a jikin gwangwani, in ta wuce sai shara komai tsadarsa. Akwai kuma ɓarnar da littafin kamfani bai yarda a yi wa faci ba sam, sai a sake jaka.

Gwajin ƙarshe ya fi burge ni. Ana jefa tsumma mai sinadarin amoniya cikin jakar, a hura mata iska kaɗan, a shimfiɗa farin ƙyalle da aka jiƙa da wani sinadari a bayanta. Duk inda ke yoyo, ko bai kai bakin allura ba, jan ɗigo zai fito a ƙyallen.

Da mai sharhin yana son tsorata jama'a da gaskiya, da ya yi maganar jirgin da aka ajiye wata da watanni babu mai a ciki. Robar bushewa take ta tsattsage, shi ya sa ake barin tanki cike, ko a shafe cikinsa da man inji. Ko ya yi maganar jakar da aka mayar ta yamutse a ƙasa: ruwa na kwanciya a cikin yamutsin, matuƙi ya zuƙo mai ya duba ya ga tas, sai jirgi ya karkata a sama ruwan ya gangara inji.