Waiwaye: Yadda masu sakin baki suka bar rediyon kyauta a Amurka

A shekarar 2025, da wa'adin kwantiragin shekara biyar da shahararren mai gabatar da shirin rediyo Howard Stern ya ƙulla da SiriusXM, kamfanin rediyon tauraron ɗan'adam da ake biya kafin a saurara, a 2020 ya kusa cika, an sake tayar da tsohuwar muhawara a Amurka game da makomar rediyo. Wasu na cewa zamanin masu gabatar da shirye-shirye da sakin baki ya wuce, wasu kuma na kukan cewa duk muryar da ta yi suna sai an kai ta inda ba a jin ta sai da kuɗi. Akasarin masu wannan magana suna fara lissafinsu ne daga 2004, shekarar da Stern ya sanar da barin rediyon kyauta, alhali kuwa tun kafin nan aka share hanyar.

Farkon labarin sananne ne. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa hukumar sadarwa ta FCC ikon hukunta tashar da ta watsa kalaman batsa, bisa hujjar cewa rediyo yana shiga gidan mutum ba da sallama ba, kuma yara na iya kunna shi a kowane lokaci. Daga baya aka tsayar da cewa dokar tana aiki ne daga ƙarfe shida na safe zuwa goma na dare, wato daidai lokacin da shirye-shiryen safe suke samun jama'a. Stern ya koma tashar WXRK ta New York a 1985, shirinsa ya bazu zuwa wasu birane tun daga 1986, kuma a 1995 kamfanin da yake wa aiki ya biya dala miliyan 1.7 don a kashe tarar da ta taru.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne wasu abubuwa biyu da suka faru a tsakanin 1996 da 1997, waɗanda a ganina su ne suka juya akalar al'amarin. Na farko dokar sadarwa ce ta 1996. Kafin ta, kamfani ɗaya ba ya mallakar fiye da tashoshi 20 na zangon AM da 20 na FM a faɗin ƙasar. Dokar ta ɗage wannan iyaka baki ɗaya, ta kuma yarda kamfani ya riƙe har tashoshi takwas a babban birni guda. Cikin 'yan shekaru aka samu mai tashoshi sama da 1,000. Wannan ya sauya lissafin kasada. Mai tasha ɗaya yana iya jure tara idan kuɗin talla ya fi ta yawa, amma wanda yake watsa shiri guda a tashoshi da dama, ana iya cin sa tara a kan kowace tasha daban, ga kuma lasisi masu yawa da zai riƙa sabuntawa da cinikin sababbin tashoshi da ke jiran amincewar hukuma. Duk wanda aka ɗora a wannan kujera zai ga cewa baki ɗaya na iya jawo wa dukiyar gaba ɗaya matsala.

Na biyu ya faru ne a watan Afrilun 1997, lokacin da aka yi gwanjon lasisi biyu na rediyon tauraron ɗan'adam. Kamfanoni biyun da suka saya, waɗanda daga baya suka zama XM da Sirius, kowanne ya biya sama da dala miliyan 80. A lokacin an fi kallon abin a matsayin hanyar sauraron kiɗa a mota ba tare da tasha ta ɓace a doguwar tafiya ba. Sai dai tsarin na biyan kuɗin wata ne, kuma hujjar kotu ta 1978 ba ta hau kansa, domin wanda ya sayi akwati na musamman yake kuma biyan kuɗi duk wata, shi ya gayyato muryar da kansa. Ke nan tun a 1997 an riga an tanadi wurin da dokar batsa ba ta kaiwa, shekaru huɗu kafin XM ya fara aiki a 2001, Sirius kuma a 2002.

Saboda haka, da bayyanar ƙirjin mawaƙiya Janet Jackson a talabijin yayin bikin hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, a Fabrairun 2004 ta jawo tsananta hukunci, har aka cire shirin Stern daga tashoshi shida, akwai inda za a nufa. A watan Oktoba Stern ya sanar da komawa Sirius kan yarjejeniyar shekara biyar ta kimanin dala miliyan 500, kuma a watan ne shirin Opie da Anthony, su ma masu sakin baki, ya fara a XM. Stern ya fara aiki a Sirius ranar 9 ga Janairun 2006. Sirius, wanda masu biyansa ba su wuce kusan 600,000 ba lokacin sanarwar, ya kai miliyan shida a ƙarshen 2006, shekarar da aka ninka tarar batsa sau goma, daga dala 32,500 zuwa 325,000.

Ba ina kare abin da ake faɗa a waɗannan shirye-shirye ba ne, don da yawansa cin zarafi ne da kunne ba ya son ji. Abin da ya dame ni shi ne direban babbar mota ko ma'aikacin da ya saba kunna rediyonsa da safe ba tare da ya biya ko sisi ba, sai ga shi a 2006 ana neman dala 12.95 a wata kafin ya ji muryar da kunnensa ne ya ɗaukaka ta. A 2008 kuma XM da Sirius suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, duk da cewa a 1997 an raba lasisin gida biyu ne don mai sauraro ya samu zaɓi.