Mi ake nufi da maikoraiza?

Kwanan nan kalmar maikoraiza ta yawaita bakin malaman gona da masu tallar taki a Facebook, har wasu na ɗauka wani sabon taki ne anka shigo da shi daga waje. Ba taki ba ne. Zaman tare ne tsakanin saiwar shuka da wata irin funfuna da ke cikin ƙasa, kuma wani Bajamushe masanin tsirrai, Albert Frank, shi ya raɗa mata wanga suna tun 1885. Mafi yawan tsirran duniya suna da ita, har da geronmu da dawa da masara da wake.

Abin ba ni gishiri in ba ka manda ne. Funfunar ba ta da ganye, ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana, sai shuka ta ba ta sukari da maiƙo, wani lokaci har kusan kashi 20 cikin 100 na abin da ganye ya haɗa. Ita kuma sai ta kawo ɗan ruwa da fosfaras da zinki, sinadaran da shuka ke ci daga ƙasa. Dalili shi ne fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa, saiwa na shanye wanda ke gefenta cikin milimita 1 ko 2 sai wurin ya ƙare, to zaren funfunar ya fi gashin saiwa sirantaka nesa ba kusa ba, shina kutsawa ƙananan kafofin da saiwa ba ta iya shiga ya yi nisan santimita da dama ya jawo.

Inda abin ya fi ban mamaki shi ne cikin ƙwayar halittar saiwa. Zaren na huda bangon ƙwayar ya shige, amma ba ya fasa tantanin da ke ciki, ƙwayar da kanta ke faɗaɗa tantaninta ta lulluɓe shi yayin da shike ta yin rassa ƙanana ƙanana, kuma a kan wanga tantani ne ake musayar, fosfaras ya shiga sukari ya fita. Bayan 'yan kwanaki rassan su mutu ƙwayar ta narkar da su ta koma yadda take, funfunar ta shiga wata. Fosfaras ɗin kuwa da shi ƙwaya ke gina DNA da tantaninta, da shi take ajiye ƙarfin aiki, shi ya sa masarar da ta rasa shi za ka ganta a tsugune ganyen ƙasa ya yi shuni-shuni.

Kuma shuka ce ke da ikon buɗe ƙofa. In tana jin yunwar fosfaras sai saiwarta ta saki wani sinadari, istirigolakton, wanda ke kiran funfunar, masana a Japan sunka tabbatar da haka a 2005. In ko an zabga mata takin supa ko NPK fosfaras ya wadata, sai ta rage kiran ta daina ciyar da baƙon da ba ta da buƙata. Matsalar, wanga kira ba funfuna kaɗai ke jinsa ba, irin wuta-wuta da ke kwance cikin ƙasa shekara da shekaru shi ma da shi yake farkawa ya kama saiwar gero ko dawa. Wannan na cikin dalilan da sunka sa wuta-wuta ta fi cin gonar da ta gaji, irin jigawarmu mai rairayi da dama fosfaras ya yi mata ƙaranci.

Masu albasa a Goronyo da Wurno da Gada su abin ya fi shafa, don saiwar albasa gajera ce mai kauri kusan babu gashi, ta dogara ƙwarai da funfunar. Kabeji ko kwata-kwata ba ya hulɗa da ita, kuma fadamar da ruwa ya kwanta ya daɗe kamar ta shinkafa funfunar na raguwa, don tana son iska. Huɗa mai zurfi da tarakta kowace shekara na tsittsinka zaren, barin gona fayau ba ko ciyawa ma na kashe ta da yunwa.

Ni dai a ganina kwalaben da ake tallatawa da sunan maikoraiza a yi hattara da su, galibin gonaki suna da tasu ta asali, kuma abu ne mai rai, in ya sha zafin Sakkwato a shago wata da watanni Allah kaɗai ya san mi ya rage ciki. Sannan ita ba ta ƙirƙirar fosfaras, wanda ke ƙasa take kwasowa, in babu to babu, dole dai a sa takin gida ko na zamani daidai gwargwado.

Kada kuma a haɗa ta da ƙululun da ke jikin saiwar wake da gyaɗa, waɗancan aikin bakteriya ne masu kamo naitirojin daga iska, ana ganinsu da ido. Ita maikoraizar amfanin gonarmu sai an rina saiwar an sa ta a madubin ɗakin bincike kafin a ganta.