A ina ake rubuta harajin VAT: Legas ko Kano?

Duk mai zama da 'yan kasuwarmu a Mile 12 ko Agege da ke Legas ya san wannan gardamar. Wasu na cewa Legas ce ke ciyar da ƙasa da harajinta, wasu na cewa kuɗin Arewa ne ake rubutawa da sunan Legas. Abin ya ta'allaƙa ne ga yadda ake auna VAT, wato kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗora wa kaya da hidima tun Fabrairun 2020.

A tsohon tsari, ana lissafa wa jiha harajin ne gwargwadon inda hedikwatar kamfani take. Mai shago a Sabon Garin Kano ya sayi katin MTN, ya yi kiransa a Kano, amma da yake hedikwatar kamfanin tana Legas, a takarda kuɗin Legas ne. Haka yawancin manyan bankuna.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2025, ta kuma fara aiki a Janairun 2026, ta canza wannan. A rabon kuɗin VAT, gwamnatin tarayya ta sauko daga kashi 15 zuwa 10, jihohi sun tashi daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suna nan da 35. Tsakanin jihohi kuma, rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Da farko an so wannan kason na ƙarshe ya kai 60, gwamnonin Arewa suka ƙi amincewa a 2024.

A ganina, auna wurin amfani shi ne adalci. Amma a lura: albasa, tumatir da hatsin da tireloli ke saukewa a Mile 12 kafin asuba ba a ɗora musu VAT, don haka gumin manomin Kura ta jihar Kano ba ya bayyana a wannan ma'auni ko kaɗan. Mu kuma mazauna Legas, abin da muka saya nan, Legas za a rubuta wa, domin titinta da asibitinta muke amfani da su.

Abin da ya fi damuna shi ne kason yawan jama'a. Har yau ƙidayar 2006 ce tushe, kuma yaran da aka haifa a shekarar yau wasunsu na da rumfarsu a kasuwannin Legas.